Makin Avios ko tsabar kuɗi: sharhi a kan shirin Privilege Club na Qatar Airways

A watan Maris na 2022 kamfanin Qatar Airways ya yi abubuwa biyu da suka shafi matafiyin Arewa. Ya fara sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, sannan ya sauya makin da yake bai wa fasinjojinsa, wanda a da ake kira Qmiles, ya koma amfani da Avios, wato makin da British Airways ya ƙirƙiro tun 2011, wanda Iberia da Aer Lingus da Finnair su ma suke aiki da shi. Tun daga lokacin ake ta jin 'yan kasuwar da ke zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin da Dubai, da masu kai marasa lafiya Indiya, da masu zuwa Umara, suna tambayar juna ko wannan maki yana da wata daraja ta haƙiƙa, ko kuwa hanya ce kawai ta ɗaure mutum ga kamfani ɗaya. Ra'ayina bayan na yi amfani da shirin tara makin, wanda kamfanin yake kira Privilege Club, shi ne, yana cikin masu kyau a irinsa, kuma bai kamata mai hawa jirgin ya bar makinsa ya zube a banza ba, amma duk ranar da aka ce mutum ya zaɓa tsakanin maki da kuɗin da zai riƙe a hannunsa, to kuɗin ne ya fi a mafi yawan lokuta.

Shiga shirin kyauta ne, kuma ana yin rajista ta manhajar kamfanin ko shafinsa na intanet cikin 'yan mintoci. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, maki iri biyu ake tarawa a tafiya guda. Avios shi ne wanda ake kashewa, a sayi tikiti da shi ko a ɗaga kujera daga ajin ikonomi zuwa ajin bizines. Qpoints kuwa ba a sayen komai da shi, aikinsa kawai ya nuna matsayin mutum a wurin kamfanin. Kowa yana farawa daga matakin Burgundy, wanda ya tara Qpoints 150 cikin wata 12 ya hau Silver, mai 300 ya hau Gold, mai 600 ya kai Platinum. Yawan abin da ake samu a kowace tafiya ya danganta da nisanta da kuma irin tikitin da aka saya, ta yadda mutum biyu za su iya zama kafaɗa da kafaɗa daga Kano har Doha, amma wanda ya sayi tikiti mafi araha ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Kafin a auna darajar maki, yana da kyau a san dalilin da ya sa kamfanonin jiragen sama suke raba shi. American Airlines ne ya buɗe babban shiri na farko irin wannan a 1981, kuma a yau waɗannan shirye-shirye sun zama sana'a mai zaman kanta, domin kamfanonin suna sayar wa bankuna maki da tsabar kuɗi, bankunan kuma su raba wa masu katinsu. A 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da jirage, United Airlines ya jinginar da shirinsa na MileagePlus ya karɓi bashin dala biliyan 6.8, Delta kuma ya karɓi dala biliyan 9 a kan nasa shirin. Wannan ya isa ya nuna cewa wanda ke buga makin ba asara yake yi ba. Shi ne mai buga shi, shi ne mai yanke abin da zai saya, shi ne kuma mai iko ya sauya ƙa'idar a duk lokacin da ya ga dama, kuma duk wanda ya yi rajista ya amince da hakan a cikin sharuɗɗan da ya sa wa hannu, ko ya karanta ko bai karanta ba.

Lissafin darajar maki ba shi da wuya, sai dai mutane ba sa son yin sa. Tikitin da aka saya da Avios ba kyauta ba ne gaba ɗaya, domin akwai harajin filayen jirgi da kuɗin da kamfanin kansa yake ɗorawa, waɗanda dole a biya su da kuɗi. Saboda haka ana ɗaukar farashin tikitin da a ce da kuɗi za a saya, a cire abin da za a biya tare da makin, sai a raba ragowar da yawan makin. Ga misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin fahimta kawai. A ce tikitin ikonomi ya kama dala 900, ko kuma maki 45,000 da dala 250. Abin da makin ya rage wa mutum shi ne dala 650, wato kowane maki 1,000 ya tsaya a kan dala 14 da 'yan kai. Idan kuwa a wannan makon aka yi rangwame tikitin ya sauko dala 650, to makin ya rage dala 400 ne kawai, kowane 1,000 bai kai dala 9 ba, kuma a irin wannan rana biyan kuɗi a ajiye makin shi ne daidai. Akwai kuma abin da ake mantawa, wato tikitin maki ba ya haifar da sabon maki, ba ya kuma ƙara wa mutum matsayi yadda tikitin kuɗi yake yi. Masu bin diddigin waɗannan shirye-shirye a Amurka da Ingila galibi suna ƙiyasta maki 1,000 na Avios tsakanin dala 10 zuwa 15, kuma wannan ma'auni ne mai kyau da mutum zai riƙe a ransa.

Inda lissafin yake ruɗar mutane shi ne ajin bizines, kuma a nan nake son in daɗe. Kujerar bizines ta Qatar Airways, musamman Qsuite da aka fito da ita a 2017 mai ƙofar da ake ja a rufe, tana cikin mafi kyau a duniya, kuma falon hutun Al Mourjan da ke filin jirgin Hamad na Doha, inda ake sauya jirgi, wuri ne da matafiyi zai yi wanka, ya ci abinci, ya yi salla a natse kafin jirgi na biyu. A ce irin wannan tikiti ya kama dala 3,600, ko maki 90,000 da dala 400. A kan takarda kowane maki 1,000 ya zama dala 35 da 'yan kai, mutum kuma sai ya ji ya ci babbar riba. Amma tambayar da ya kamata ya yi wa kansa ita ce, shin da babu makin zai fitar da dala 3,600 daga aljihunsa? Idan amsar ita ce a'a, idan da ma tikitin dala 900 zai saya, kuma iyakar abin da zai yarda ya ƙara don ya kwanta ya miƙe ƙafa bai wuce dala 300 ba, to darajar tafiyar a wurinsa dala 1,200 ce, kuma makinsa 90,000 dala 800 kawai suka rage masa. Ba ina cewa jin daɗin ba shi da ƙima ba ne. Ga dattijo mai ciwon baya, ko marar lafiyar da aka yi wa aiki zai dawo gida, kwanciya a tafiya mai tsawo tana da ƙimar da ta wuce lissafi, kuma ban san wata hanya ta kashe Avios da ta fi wannan ba. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya riƙa auna makinsa da farashin da bai taɓa niyyar biya ba, har ya kai ga ƙara kuɗi don ya tara su.

Akwai hujja guda mai ƙarfi da masu son maki suke kawowa a Najeriya, kuma ta cancanci a saurare ta. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Tikitin ƙasashen waje da dala ake yanke shi, don haka wanda ya ajiye naira don tafiya ya wayi gari kuɗinsa ba za su saya masa rabin tikitin ba, alhali wanda ya ajiye maki bai ga irin wannan faɗuwa ba. Wannan gaskiya ce. Sai dai kwatancin bai yi adalci ba, domin ba naira ya kamata a ajiye kusa da maki ba, dala ce ko haja. Wanda ya riƙe dala a wannan lokaci ya tsira kamar mai makin, ya kuma fi shi da cewa dalarsa za ta sayi tikitin kowane kamfani, ta biya masauki, ta biya kuɗin makaranta, ta saro atamfa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da yake juya jarinsa sau da yawa a shekara ya san kuɗin da ke hannunsa suna haihuwa, maki kuwa ba ya haihuwa, a zaune yake yana jiran ranar da za a rage masa daraja.

Ragin darajar kuma ba zato ba ne, abu ne da ya faru a bainar jama'a. A Ingila ana iya mayar da Avios zuwa makin Nectar da ake sayayya da shi a shagunan Sainsbury's, kuma wannan ita ce hanya mafi kusa da mayar da shi kuɗi. Da aka fara a 2021, Avios 250 suna ba da sayayyar fam 2. A ƙarshen 2022 aka mayar da shi 300, a watan Maris na 2024 kuma ya koma 400, wato maki 1,000 sun sauko daga fam 8 zuwa fam 5 cikin shekara uku. A ɓangaren Qatar Airways ma, a watan Satumba na 2024 an sauya yadda ake lissafin kuɗin da ake ɗorawa a kan tikitin maki, ya ƙaru a hanyoyi masu nisa ba tare da an sanar tun da wuri ba. Akwai kuma haɗarin da mutanen Najeriya suka gani da idonsu, lokacin da kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje suka maƙale a ƙasar har suka haura dala miliyan 800 a 2023. Emirates ya daina zuwa Najeriya daga ƙarshen 2022 har zuwa watan Oktoba na 2024, kuma duk wanda ya tara makinsa a can ya shafe kusan shekara biyu ba shi da jirgin kamfanin da zai hau daga gida. A nan Avios yana da ɗan fifiko, domin ana iya mayar da shi zuwa asusun British Airways ɗaya bisa ɗaya, ana kuma iya kashe shi a jiragen ƙawancen oneworld, wanda Qatar Airways ya shiga a 2013, irin su Royal Air Maroc da ke sauka a Yamai da Legas da Akkara.

Matsala ta gaba ita ce samun kujera. Kuɗi suna sayen kowace kujera da ta rage a jirgi, maki kuwa kujeru ƙalilan ne aka ware musu a farashi mai sauƙi, kuma su ne farkon ƙarewa a lokacin da kowa ke son tafiya. Wanda yake tara maki da niyyar kai iyalinsa Umara a goman ƙarshe na Ramadan, ko tafiya a hutun Disamba, ko zuwa baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a watannin Afrilu da Oktoba, ya kamata ya sani cewa a waɗannan ranaku ne abin ya fi wuya, musamman idan kujera huɗu ko biyar yake nema a jirgi ɗaya. Idan kujerun masu sauƙi suka ƙare, shirin yana da wani tsari mai suna Flexi da yake buɗe ƙarin kujeru a kan ninkin makin, kuma da zarar an ninka, lissafin da muka yi a baya ya rushe, darajar ta koma rabi. Ga mai Umara akwai ƙarin abin dubawa, domin Doha tana gabas da Jidda, sai an wuce ƙasar Saudiyya sannan a juyo, alhali akwai jiragen da suke tashi daga Kano kai-tsaye. Tsohuwar da za ta kwana a kujerar filin jirgi tana jiran jirgi na biyu ba za ta gode wa wanda ya zaɓa mata doguwar hanya saboda maki ba.

Yawancin labaran da ake karantawa na mutanen da suke zaga duniya da maki daga Amurka suke fitowa, kuma ba da hawa jirgi suke tara su ba. Bankunan can suna ba da dubban maki ga wanda ya karɓi sabon katin bashi, sannan kowace sayayya ta yau da kullum tana ƙara masa, ya kuma tura su zuwa Avios. Wannan ƙofa a rufe take ga mafi yawan mutanenmu, domin katin cire kuɗi muke riƙewa, kuma da yawa ba za su karɓi katin da ake ɗora wa kuɗin ruwa ba ko da an kawo musu shi har gida. Wanda yake tara maki da tafiya kaɗai a kan tikitin ikonomi zai yi zirga-zirga da yawa kafin ya tara na tikiti guda. Shirin ya ɗan sauƙaƙa wannan ta hanyoyi biyu da na yaba. Na farko, Avios ba ya mutuwa muddin an samu ko an kashe wani abu a asusun cikin wata 36. Na biyu, akwai tsarin iyali da ke bai wa mutum damar haɗa makin 'yan gidansa har mutum tara a wuri ɗaya, wanda ya dace ƙwarai da gidajenmu, inda ake fita tafiya da mata da yara da iyaye.

Saboda wahalar tarawa ce nake ganin babban kuskure shi ne a biya ƙarin kuɗi don maki. Idan tikitin Qatar Airways ya fi na Ethiopian Airlines ko EgyptAir da dala 150, makin da za a samu a tafiyar kuma 4,000 ne, to an biya dala 150 don abin da bai wuce dala 60 ba. Maki kamar gyara ne a wurin mai awo, ana karɓa da godiya idan an bayar, amma babu mai hankalin da zai sayi mudu da tsada don a ƙara masa tafi guda. Idan mutum ya zaɓi jirgin don kyawun hidimarsa, ko don lokacin tashinsa ya fi dacewa da shi, wannan dalili ne mai kyau, kuma hidimar kamfanin ta cancanci yabo. Abin da bai kamata ya shiga ma'aunin da nauyi ba shi ne makin.

Abin da na ga yana da daraja ta zahiri ga ɗan kasuwa shi ne matsayi, ba Avios ba. A hanyoyin Afirka kamfanin da ƙidayar jaka yake aiki, inda tikitin ikonomi na yau da kullum yake ba da jaka 2, kowace kilo 23, kuma wanda ya kai Silver ana ƙara masa jaka guda. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin awo a Guangzhou ya ga yadda ake durƙusawa a buɗe jaka a tsakiyar jama'a, a ciro takalma da bandir ɗin yadi a cusa a jakar hannu, a sake ɗorawa a sikeli ana kallon lamba, ya san abin da ƙarin jaka guda yake nufi. Kuɗin awon kaya a doguwar hanya yana da tsada, kuma wanda yake tafiya sau da yawa a shekara zai ga cewa abin da wannan jaka ta rage masa ya fi darajar duk makin da ya tara. Ga shi kuma babu jiran a buɗe kujera, babu ranar da aka hana. Idan ɗan kasuwa yana dab da cika Qpoints 150 kuma bambancin farashi kaɗan ne, a nan kam ina ganin tsayawa ga kamfanin yana da ma'ana. Wanda yake fita sau ɗaya a shekara kuwa ba zai kai wannan mataki ba, kuma bai kamata ya wahalar da kansa ba.

Akwai 'yan abubuwa da suke sa maki ya ɓace tun kafin ya shigo. Da yawa daga cikinmu ta hannun ejan muke sayen tikiti, kuma ba kowane ejan ne yake damuwa ya saka lambar mamba ba, wasu tikitocin rukuni kuma makinsu kaɗan ne ko babu. Sannan sunan da ke asusun dole ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, domin wanda ya rubuta Muhammad a rajista alhali fasfonsa Mohammed ne zai iya ganin tafiyarsa ba ta shiga ba. Ana iya neman makin da bai shigo ba cikin wata shida, saboda haka a adana katin shiga jirgi da lambar tikiti har sai an ga makin a manhaja. Kashe Avios a shagunan filin jirgin Hamad, ko rage farashin tikiti da shi ta tsarin haɗa kuɗi da maki, galibi yana ba da daraja ƙasa da ta tikitin maki, sai dai ga wanda ragowarsa kaɗan ce kuma ba ya sa ran ƙarawa. Sayen maki da kuɗi a lokacin garaɓasa ma bai dace ba sai ga wanda ya riga ya ga kujerar a buɗe, ya yi lissafi, ya rage masa 'yan dubbai ya cike.

Sai kuma dillalan da suke tallan tikitin bizines a rabin farashi ta WhatsApp, waɗanda yawanci da makin wasu mutane suke yankar sa. Sharuɗɗan shirin sun haramta sayar da maki ko tikitin da aka samo da shi, kuma kamfanin yana da ikon rufe asusun da soke tikitin idan ya gano, wani lokaci ma makin daga asusun da aka yi wa kutse aka kwaso shi. Fasinjan da aka soke wa tikiti yana Doha ko Guangzhou shi ne zai nemi dalar sayen sabo a farashin wannan rana, dillalin kuma yana gida. Wanda aka yi wa irin wannan tayi ya nemi a nuna masa rasidin da ke ɗauke da cikakken kuɗin tikitin, idan kuma haraji kaɗai ya gani a jiki, to ya koma wurin ejan ɗin da ya sani ya biya farashin da kowa yake biya.